Ko Ana Iya Ƙera Babban Injin Wankel?

Tun lokacin da aka fara ƙera motoci, hanyar da maƙera suka fi bi idan suna neman ƙarin ƙarfi ita ce su ƙara wa inji girman ciki. Mai lita biyu ya fi mai lita ɗaya ja, mai lita biyar kuwa ya fi su duka, in dai sauran al'amura sun zo daidai. Da wannan dabara ce Amurkawa suka cika titunansu da manyan motoci masu silinda takwas, waɗanda cikin waɗansunsu ya haura lita bakwai. To, amma akwai wani irin inji wanda wannan hanya ta ƙi karɓarsa, watau injin nan mai juyi da ake kira da sunan Bajamushen da ya ƙago shi, Felix Wankel. Tun 1964 ake saka shi a mota, amma wanda aka fi sayarwa a cikin jinsinsa bai wuce lita 1.3 ba a takarda. Masu sha'awarsa kuwa ba su daina tambaya ba: in ɗan ƙaramin nan yana iya fitar da ƙarfin doki fiye da 200, me zai hana a ƙera babbansa mai lita biyar ko shida a huta? Wannan tambaya ce za a yi ƙoƙarin dubawa a wannan maƙala.

Kafin a kai ga amsa, tilas ne mai karatu ya san yadda cikin injin yake, domin duk matsalar daga siffarsa ta samo asali. Injin mota na yau da kullum aikin turmi da taɓarya yake yi. Fistan yana hawa yana sauka a cikin silinda, sa'an nan karanshaf ya mai da wannan hawa da sauka ya zama juyi. Injin Wankel ba shi da fistan, ba shi da bawul. Abin da ke cikinsa wani dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa uku, wanda gefunansa suka ɗan kumbura waje, ana kiransa rota. Shi wannan rota yana zagayawa ne a cikin wani gida mai kama da kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu, watau mai faɗi a kai biyu, mai ɗan tsukewa a tsakiya. Kusurwoyinsa uku ba sa rabuwa da bangon gidan ko kaɗan, saboda haka kullum akwai ɗakuna uku tsakanin rota da bango, kuma yayin da yake juyawa kowane ɗaki yana buɗewa yana tsukewa. Ɗaki zai shaƙi iska da fetur a wuri ɗaya, ya matse su a gaba, fulogi ya kunna musu wuta, ƙarfin wutar ya tura rota, sa'an nan ya amayar da hayaƙi ta wata kafa. A tsakiyar rota akwai sanda mai ƙusumbi wadda ke karɓar ƙarfin ta miƙa wa giya. Duk sa'ad da rota ya zagaya sau ɗaya, sandar ta juya sau uku.

A kan kowace kusurwa akwai wata 'yar siririyar sanda da ke gogar bango don kada iskar ɗaki ta tsere zuwa na kusa da shi. Aikin da ringi ke yi wa fistan shi take yi wa rota. A nan za a riƙa kiranta matoshin kusurwa, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe ta a ransa, don kuwa kamfanoni sun durƙushe a kanta.

Akwai kuma wata gardama da ya kamata a kawar tun da wuri, ita ce ta yadda ake auna cikin wannan inji. Injin Mazda mai suna 13B yana da rota biyu, kowane ɗaki cikinsa cc 654 ne (cc dubu su ne lita guda). Kamfanin yakan ƙidaya ɗaki ɗaya a kowane rota, sai lissafi ya ba da cc 1,308. Amma fa injin fistan sai karanshaf ya juya sau biyu kafin kowace silinda ta yi wuta sau ɗaya, shi kuwa rota duk juyi ɗaya na sanda sai ya yi wuta. Ashe ke nan iskar da 13B ke shaƙa daidai take da ta injin fistan mai lita 2.6. Waɗansu ma sukan ƙirga ɗakunan shida gaba ɗaya su ce lita 3.9 ne. Hukumar haraji ta Japan ta raba gardamar da nata hukunci, takan ninka adadin da ke takarda sau ɗaya da rabi. Abin lura dai shi ne injin bai kai ƙanƙantar da sunansa ke nunawa ba. Ɗakinsa ɗaya ya fi silindar Peugeot 504 mai lita biyu girma, don ita kusan rabin lita ce. Rabin mamakin da ake yi wa ƙarfinsa daga wannan lissafi ya fito, kishinsa na fetur ma haka.

Shi Wankel an haife shi a 1902, ya rasu a 1988, bai yi jami'a ba, kuma saboda raunin ido bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba. Injinsa na farko ya tashi a kamfanin NSU na Jamus a watan Fabrairu na 1957, ko da yake samfurin da duniya ta ɗauka shi ne wanda wani injiniyan kamfanin, Hanns-Dieter Paschke, ya sauƙaƙa, inda gidan ke tsaye rota kaɗai ke juyawa. Nan da nan kamfanoni suka yi ca a kan sayen izinin ƙera shi. NSU ta fito da motar Spider a 1964, sa'an nan Ro 80 a 1967, wadda aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1968. Matosan kusurwarta suka riƙa cinyewa tun mota ba ta yi nisa ba, kamfanin ya yi ta sauya wa masu saye inji kyauta har aljihunsa ya rame, a 1969 Volkswagen ta haɗiye shi. A Hiroshima kuwa, kamfanin da ke yin motocin Mazda ya sayi izini a 1961, ya tara injiniyoyi 47 a ƙarƙashin Kenichi Yamamoto. Su ma matoshin ne ya fara tare musu hanya, yana karce bangon gida yana barin zane wanda suka laƙaba wa suna sawun farcen shaiɗan. Sai da suka shawo kan wannan kafin motar Cosmo Sport ta fito a 1967.

To, yaya ake ƙara wa irin wannan inji ciki? Girman ɗakinsa abu uku ne ke yanke shi: nisan da ke tsakanin tsakiyar rota da kusurwarsa, da tsayin ƙusumbin sanda, da kuma kaurin rota. In an ninka waɗannan uku da juna, aka kuma ninka abin da ya fito da 5.196, an sami cikin ɗaki. A injin 13B nisan kusurwa milimita 105 ne, ƙusumbi 15, kauri 80. Wanda ya zauna ya buga lissafin zai ga cc 654 sun fito. Saboda haka mai son babban inji zaɓi uku ne a gabansa, ko ya kaurara rota, ko ya faɗaɗa shi tare da ƙusumbinsa, ko kuwa ya bar shi yadda yake ya jera da yawa a kan sanda ɗaya.

Kaurarawa ita ce mafi arha, ita kuwa Mazda ta fi bi. Injin 10A kaurinsa milimita 60 ne, 12A ya zama 70, 13B ya zama 80, alhali nisan kusurwa da ƙusumbi ba su motsa daga 105 da 15 ba. Amfanin wannan a fili yake, tun da siffar gidan ba ta sāke ba, na'urorin da ke sassaƙa shi a masana'anta ba sai an sauya su ba. Amma a kan 80 ɗin nan kamfanin ya tsaya tun daga 1973 har zuwa 2012, kusan shekara arba'in. Dalili kuwa shi ne duk kaurin da aka ƙara wa rota an ƙara wa matoshin kusurwa tsawo ke nan, doguwar sanda siririya kuwa in ta sha zafi sai ta lanƙwashe, tsakiyarta ko bakinta ya ɗaga daga bango, iska ta sami hanya. Sa'an nan matsin wuta yana sauka ne a kan fuska mai faɗi, duk nauyin ya tattaru a kan sandar tsakiya, wadda ba za a iya kaurara ta yadda aka ga dama ba, domin tilas ta ratsa ta cikin wata 'yar giya da ke tsaye a jikin bango wadda ke kiyaye tafiyar rota.

Hanya ta biyu, watau faɗaɗa rota, ita ce ainihin abin da masu tambayar nan ke nufi, kuma a nan ne gizo ke saƙa. A ɗauki injin motar RX-8, wanda sandarsa ke kaiwa juyi 9,000 a minti. A wannan gudu rota yana zagaye 3,000 a minti, watau 50 a sakan guda. Kowane zagaye matoshin kusurwa yana shafe kusan kashi biyu cikin uku na mita a jikin bango. In an haɗa, ana maganar kimanin mita 33 a sakan, kusan kilomita 120 a awa, ƙarfe a kan ƙarfe, ba abin da ya raba su sai ɗan baƙin man da ake ɗiga musu. Yanzu a ce wani maƙeri ya ninka kowane awo na injin sau biyu. Cikin ɗaki zai ninku sau takwas, ya tashi daga cc 654 ya haura lita biyar. Abin murna ne a ido. Sai dai hanyar da matoshi zai bi ita ma ta ninku biyu, in kuwa ba a so ya ƙone, dole a rage juyin injin zuwa rabi. Inji mai ciki ninki takwas da ke juyawa rabin gudu ƙarfinsa ninki huɗu ne kawai, nauyinsa kuwa ninki takwas ɗin nan ne cur. Watau kowane kilo na ƙarfen babban injin rabin aikin da kilon ƙaramin ke yi yake yi.

Wannan doka ba Wankel kaɗai ta kama ba. Injin jirgin ruwa mai silinda kamar rijiya da kyar yake wuce juyi ɗari a minti saboda irin wannan dalili. Bambancin shi ne ba wanda ya taɓa sayen injin jirgin ruwa don rashin nauyinsa, shi kuwa Wankel abin da yake taƙama da shi a kasuwa ke nan, ƙaramin jiki, sauƙin nauyi da saurin juyi. In aka girmar da shi har ya rasa waɗannan, me ya rage da zai sa mai saye ya bar injin fistan da kowane makaniki ya san kansa?

Bayan wannan akwai maganar wuta, wadda ta fi ta matoshi wuyar magani. Ɗakin ƙonewa na injin fistan a dunƙule yake, fulogi yana tsakiya, wuta ta tashi ta kai ko'ina cikin ɗan lokaci. Na Wankel kuwa dogo ne, shimfiɗaɗɗe, bakinsa biyu sun tsuke kamar bakin wuƙa, kuma tafiya yake yi yayin da wutar ke ci. Wanda ya taɓa ganin an sa wa doguwar gona wuta ranar da ake iska zai gane abin. Wutar takan ruga inda iska ta nufa, ta bar ciyawar da ke bayanta. Haka iskar cikin ɗakin ke kwasar wuta ta yi gaba da ita, fetur ɗin da ya maƙale a kusurwar baya ya fita ta salansa bai ƙone ba. Wannan ne ya sa Mazda ta sa fulogi biyu a kowane rotan injin 13B, a injin tserenta ma har uku. Gudun harshen wuta kuwa ba ya ƙaruwa don an faɗaɗa ɗaki. In tazarar ta yi yawa, kafin wuta ta isa ƙarshen ɗaki zafi da matsi sun sa ragowar fetur ɗin ya fashe da kansa. Wannan fashewa ita ce ƙwanƙwasar da direbobi ke ji a inji, injin fistan yakan jure ta na ɗan lokaci, amma matoshin kusurwa bugu kaɗan ke karya shi, in kuwa ya karye sai ya bi bango da rota da karta.

Ga kuma rabon zafi. A injin fistan wuri ɗaya ne ke shan iska mai sanyi ya kuma sha wuta, bi da bi, sai zafin ya daidaita. A Wankel gefe ɗaya na gidan kullum cikin sanyin iskar da ke shigowa yake, ɗaya gefen kuwa kullum cikin wuta. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, saboda haka gidan yakan so ya murɗe, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon murɗewar.

Gaskiya dai ba za a rasa faɗin alherin girma ba. Babban ɗaki bangonsa kaɗan ne in an gwada da abin da ke cikinsa, kamar yadda babbar tukunya ta fi ƙarama riƙe zafi. Tun da babban aibin Wankel shi ne zafin da ke tserewa ta bango, ɗan ƙarin faɗi yana rage masa shan mai. Za a dawo kan wannan a gaba, don a kansa ne Mazda ta ɗora fatanta na baya-bayan nan.

Sai hanya ta uku, wadda ita ce duk wanda ya nemi ƙarfi da gaske ya bi. Mercedes-Benz ta nuna motar gwaji C111 a 1969 da rota uku masu cc 600 kowanne, ƙarfin doki 280. A 1970 ta ƙara na huɗu, ƙarfin ya kai 350. Attajirai suka yi ta neman a sayar musu, kamfanin ya ƙi. General Motors ta nuna Corvette mai rota huɗu a 1973. Mazda ta saka injin 20B mai rota uku, cc 1,962, a motar Eunos Cosmo a 1990, kuma ita kaɗai ce mota mai rota uku da wani babban kamfani ya taɓa jerawa a kanti. A 1991 motar tserenta 787B, mai rota huɗu da cc 2,616 da ƙarfin doki wajen 700, ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, Johnny Herbert da Volker Weidler da Bertrand Gachot suna karɓa-karɓar tuƙi. Wannan ne karo na farko da kamfanin Japan ya ci tseren. Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne ɗakin injin da ya yi wannan bajinta cc 654 ne, daidai da na motar da ake sayarwa a kasuwa. Ko da kuɗi ya samu, kuma nasara kaɗai ake nema, injiniyoyin ba su faɗaɗa rota ba, yawansa suka ƙara.

Ita ma wannan hanya da nata cikas. Inji mai rota biyu sandarsa guda ce, a zura rota ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya. Da zarar an ce uku, na tsakiya ba shi da ta inda zai shiga, don ƙusumbin sanda ba zai ratsa ta ƙaramar giyar bango ba. Dole a yanka sandar gida biyu ko fiye, a haɗa ta a cikin injin, kuma kowane mahaɗi wuri ne na rauni. Doguwar sanda tana murɗewa, ruwan lagireto kuwa kafin ya ratsa daga rota na farko zuwa na ƙarshe ya riga ya yi zafi. Duk da haka masu ƙananan garejin tsere sun nuna abin yana yiwuwa. A New Zealand an haɗa mai rota shida an saka a mota, a Amurka kuma wani ya haɗa mai rota goma sha biyu da nufin tseren jirgin ruwa. Amma abin da mutum ɗaya zai ƙera don nishaɗi, ya kwance ya ɗaura duk lokacin da ya ga dama, daban yake da abin da kamfani zai sayar wa dubban mutane da alkawarin gyara kyauta in ya lalace.

Shin an taɓa ƙera mai babban rota ɗin kuwa? Ƙwarai, har ma wanda ya wuce tunanin masu tambayar. Kamfanin Ingersoll-Rand na Amurka, tsakanin 1975 da 1985, ya sayar da injin Wankel wanda kowane rotansa lita 41 ne, faɗinsa kusan mita guda. Ɗakinsa ɗaya ya ninka na 13B fiye da sau sittin. Mai rota ɗaya yana ba da ƙarfin doki 550, mai biyu 1,100. Asalinsa wani samfuri ne na kamfanin Curtiss-Wright wanda bai yi nasara ba saboda matsalar nan ta wuta da aka ambata. Yadda Ingersoll-Rand ya yi maganinta shi ne ya ƙayyade injin kada ya wuce juyi 1,200 a minti, ya kuma ba shi iskar gas maimakon fetur, don ita ba ta saurin fashewa da kanta. Aikinsa shi ne tura gas a cikin bututu, yana kafe a wuri ɗaya, yana juyi iri ɗaya dare da rana. In an raba ƙarfinsa da cikinsa, kowace lita doki 13 take bayarwa da ɗan ɗori. Injin RX-8 mai doki wajen 230 kuwa kowace lita tana ba da fiye da 170. Lissafin nan da aka yi a baya na ninki takwas da ninki huɗu, ga shi a jikin ƙarfe. Kamfanin John Deere ma, bayan ya sayi sashen Wankel na Curtiss-Wright a 1984, ya yi aiki a kan mai lita 5.8 a kowane rota don motocin yaƙi da janareto, bai daɗe ba ya sayar da harkar.

Saboda haka in tambayar ita ce ko ƙarfe da lissafi za su yarda, sun riga sun yarda. In kuwa tambayar ita ce ko za a sami kamfanin da zai saka irinsa a motar hawa, sai a dubi abin da ya sami waɗanda suka kusanci wannan tunani. General Motors ta amince a 1970 za ta biya dala miliyan 50 don izinin ƙera shi, shugabanta Ed Cole yana ganin shi ne injin gobe. Sai rikicin man fetur na 1973 ya faɗo, dokokin hayaƙi na Amurka kuma suna ƙara tsanani. A 1974 aka ɗage fitowar injin, daga nan bai sake tashi ba. Wannan ya bar ƙaramin kamfanin AMC cikin tsaka mai wuya, don ya riga ya zana motarsa Pacer bisa zaton zai sayi injin daga General Motors, dole ya cusa mata dogon injin fistan mai silinda shida. Citroën ta Faransa ta ƙera GS Birotor guda 847 kacal, sa'an nan ta bi masu su tana saye tana rugurguzawa don kada ta ɗauki nauyin kayan gyaransu. Ita kanta Mazda ta kai bakin rami a tsakiyar shekarun 1970, sai da bankin Sumitomo ya tallafe ta. Duk waɗannan ƙananan injuna ne suka jawo musu. Babba kuwa fetur zai ƙara sha, kuma tun da kowane Wankel da gangan yake ƙona ɗan baƙin mai don shafa wa matosansa, hayaƙinsa ma ƙaruwa zai yi. Motar RX-8 da ke da rota biyu kawai ta bar kasuwar Turai a 2010 don ta kasa cika sabon ma'aunin hayaƙi, a 2012 aka daina yin ta ɗungum.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Injin fistan ɗaruruwan kamfanoni ne suka yi fiye da shekara ɗari suna goge shi, kowa ya gano wata dabara saura su kwaikwaya. Wankel kuwa tun ƙarshen shekarun 1970 kusan kamfani ɗaya ne ya rage yana ɗauke da shi a motocin kasuwar duniya, kamfanin ma matsakaici. Sāke nisan kusurwa da milimita goma yana nufin sabon gida, sabuwar sanda, sababbin matosai, sababbin na'urorin masana'anta da shekaru na gwaji, duk don motar da masu sayenta ba su da yawa. Mai yiwuwa ne wani ɓangare na abin da ake ɗauka iyakar injin ce, iyakar aljihun mai shi ce. Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannun masoyansa, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da ita. Sai dai kuɗi yana iya samar da matoshi mai jure gudu, yana iya inganta yadda ake fesa mai, amma ba zai dunƙule ɗakin da siffar rota ta shimfiɗa ba.

Mazda ta gwada matsakaicin girma sau biyu a wannan ƙarni. A 2007 ta nuna injin 16X, mai rota biyu da cc 800 kowanne. A nan ta juya wa tsohuwar hanyarta baya, ta faɗaɗa rota da ƙusumbi, ta rage kauri, don ɗakin ya ɗan dunƙule, zafi ya rage tserewa, ƙarfin ja kuma ya samu tun inji bai yi sama ba. Ba a taɓa sayar da shi ba. A 2023 sai ga injin 8C a cikin motar MX-30 R-EV, mai rota ɗaya, nisan kusurwa milimita 120, ƙusumbi 17.5, kauri 76, ciki cc 830. Bangayensa na gefe na alminiyam ne don rage nauyi, kuma kai tsaye ake fesa masa fetur a cikin ɗaki. Tsakanin 654 da 830 ƙarin bai wuce kashi 27 cikin ɗari ba, amma sai da aka yi shekara hamsin daga fitowar 13B kafin a kai shi kasuwa.

Wannan shi ne ɗaki mafi girma da Mazda ta sayar a cikin mota, ƙarfinsa kuwa doki 75 ne kawai, juyinsa bai kai 5,000 a minti ba. Ba shi da wata alaƙa da tayoyin motar. Janareto yake juyawa, janareton ya cika batir, lantarki ya tuƙa motar. Aikin da aka ba shi ya yi kama da na ƙaton nan na Ingersoll-Rand, watau ya zauna wuri ɗaya ya yi ta juyi a natse cikin gudun da wutarsa ke iya bi. A watan Fabrairu na 2024 kamfanin ya sake kafa sashen binciken injin mai juyi da injiniyoyi 36, kuma abin da ya ce za su duƙufa a kai shi ne amfani da injin a matsayin janareto, da kuma neman irin man da zai sa ya tsallake dokokin hayaƙi.